Shekara uku a bakin daga babu canji, laifin wa?

Malam Tanimu Rigasa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri zan ɗan kauce daga maganar karo-karon gyaran taransifoma, akwai abin da ya hana ni barci jiya. Ƙanin maƙwabcina kofur ne, ya zo fas ɗin sati biyu daga Borno. Shekararsa uku da watanni a can ba a canza shi ba, sau biyu kacal ya leƙo gida. Bayan isha'i muka zauna wajen mai shayin bakin layi. Ya ƙi zama a bencin da ya ba titi baya, sai da aka matsa masa ya jingina da bango. Ana cikin hira salansar wani babur ta buga, tau! Kafin mu ƙifta ido bawan Allah yana kwance a ƙasa, shayi ya kife masa a wando. Ya miƙe yana karkaɗe jiki yana dariya, mu ma muka taya shi dariyar da ba ta kai ciki ba. 'Yar da aka haifa masa bayan tafiyarsa kuwa, in ya miƙa mata hannu ɓuya take bayan uwarta, Kawu take ce masa.

Tun Yulin 2009 ake yaƙin nan da Boko Haram. Yaron da aka raɗa wa suna a shekarar yau gemu ya fara tsiro masa. Sojojin nan sun gaji, kowa ya sani. Abin da nake so mu tattauna shi ne, wa za a riƙe a kan wannan?

Ɗan Kakuri: Malam, har sai an yi tambaya? Janar-janar ɗin da ke shan sanyin AC a Abuja mana. Su suka mayar da yaƙin kasuwa.

Baba Saje: Wa alaikumus salam. Ɗan Kakuri, ka bari a shimfiɗa tabarma kafin ka fara rabon tuwo.

Malam Tanimu, abin da ka gani a jikin yaron nan na san shi, don ni ma na dawo da irinsa daga Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. Wata shida aka ce mana za mu yi, muka haura shekara. Na daɗe ba na iya kwana a kan gado, ƙasa nake sauka kusa da ƙofa. Uwargidana tana nan da rai, ita ce shaida.

Bari in faɗa muku yadda aka koya mana aikin tun daga Dafo, makarantar horar da kurata a Zariya. Runduna kashi uku ake yi mata. Kashi ɗaya yana bakin daga, kashi ɗaya yana horo yana shirin karɓar na farko, na uku yana bariki yana hutawa, yana gyaran motoci da makamai, yana ganin iyali. Kamar murhu ne, duwatsu uku. To yau duk ukun suna daji. Wa zai karɓi wa? In ka ji an bar yaro shekara uku ko huɗu a Marte ko Damboa, ba lallai mugunta ce ta kwamandansa ba. Babu wanda za a turo ne. Wanda ya kamata ya canje shi yana Zamfara yana bin 'yan bindiga, ko yana Filato yana raba faɗa, ko yana Neja Dalta yana gadin bututun mai, ko yana tsaye a shingen bincike a hanyar Abuja.

Ɗan Kakuri: Allah ya ƙara girma Baba, ban musa ba. Amma wa ya hana su ɗibar sabbin kurata? Kuɗin tsaro duk shekara yana cikin na kan gaba a kasafi. Ina dala biliyan 2.1 ta makamai da aka kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a kanta a 2015? Ina dala biliyan ɗaya da gwamnoni suka amince a cira daga asusun rarar mai a ƙarshen 2017? Mu nan Kakuri a Kaduna muna kallon katangar DICON, masana'antar ƙera makamai, tun muna yara, tun 1964 aka kafa ta, amma har yau ƙasar nan bara take yi a ƙasashen waje in tana son manyan makamai.

Alhaji Musa Unguwar Rimi: Ku riƙa yin adalci. Kuɗin da kake tambaya, a ciki aka sayo jiragen Super Tucano 12 daga Amurka, sun iso a 2021, kowa ya gan su. A 2014 Gwoza ce hedikwatar daular da Shekau ya ayyana, Mubi ma ta faɗa hannunsu har suka canza mata suna. Yau ina tutarsu a waɗannan garuruwa? Shekau kansa ya mutu a 2021, dubban mabiyansa suka fito suka miƙa wuya. Wanda bai gode wa kaɗan ba, ba zai gode wa mai yawa ba. Ɓarnar da gwamnatin da ta gabata ta bari ba a rana ɗaya za a gyara ta ba.

Ɗan Kakuri: Wace gwamnatin da ta gabata, Alhaji? Ai sun zama da yawa. Kuma Gwoza a watan Maris na 2015 aka ƙwato ta, ana gobe zaɓe, Jonathan yana kan mulki, bayan an ɗage zaɓen da sati shida, ga sojan Chadi, ga sojojin haya daga Afirka ta Kudu. Abin da aka kasa a shekara biyar aka yi a sati shida saboda kujera tana rawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka inda gizo ke saƙa.

Admin: Don Allah ban da jam'iyya. Mun sha fama a nan lokacin zaɓe har mutum huɗu suka fita.

Barista Hauwa: Ina wuninku iyayena. Tambayar Malam Tanimu tana da amsa a rubuce, ba sai mun yi canki-canka ba. Sashe na 218 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora ikon yanke inda za a tura soja a kan shugaban ƙasa, shi ne babban kwamanda. Sashe na 217 ya ce aikin soja kare ƙasa daga maharan waje da tsare iyakoki, sannan ya taimaka wa hukumomin farar hula a kwantar da tarzoma in shugaban ƙasa ya kira shi, bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya ta gindaya. Ku lura, taimakawa aka ce. Tsaron cikin gida na 'yan sanda ne. Mu kuwa mun juya abin, mai taimako ya zama mai gida. Soja yana aiki a fiye da jihohi 30. Majalisa ita ke amincewa da kasafi, tana da kwamitocin tsaro da na soja, ita ya kamata ta tsare manya ta ce ina kuɗi, ina makami, yaushe aka canza bataliya kaza. Don haka in ana neman wanda za a riƙe, daga Villa za a fara, a gangaro majalisa, sannan a zo kan hafsoshi.

Kawu Isa Direba: Ni ban yi boko ba, Barista, amma na yi shekara goma sha ina bin hanyar Birnin Gwari. Lokacin da abin ya yi ƙamari, a Buruku muke taruwa mu jira rakiyar soja. Wata rana mota ta fi hamsin a layi, masu rakiyar motar Hilux biyu, ɗaya ma sai an tura take tashi. Na leƙa bayanta, yara ne, wallahi wani bai kai ɗana na biyu ba, leɓe duk ya bushe, takalmi ya buɗe baki an ɗaure da waya. Ya ce mini, Baba ko akwai ruwa? Na miƙa masa fiya wata uku ya shanye a tsaye. Waɗannan su ne za su tare mutum ɗari a kan babura, kowane babur mutum biyu ko uku da bindiga. Tun ranar na daina zagin ƙaramin soja. Ko ya tare ni ya ce in ba shi na goro, haushi nake ji amma ba na zagi.

Malama Rabi: Kawu, tausayi daban, gaskiya daban. Mutanen Tudun Biri fa? Daren 3 ga Disamba 2023, suna Mauludi, nan Igabi a bayan gidanmu, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya sakar musu bam, hukuma da kanta ta ce an binne mutum 85. Akwai gidan da aka share kusan kaf. Su ma gajiya za mu ce musu?

Baba Saje: Malama, ba wanda zai wanke wannan, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Marigayi Janar Lagbaja, shugaban sojan ƙasa a lokacin, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri, kuma haƙuri ba ya tayar da mamaci. Amma ki duba ta inda abin ya ɓullo. Idan da akwai ofishin 'yan sanda mai rai a yankin, da akwai jami'in da ya san mai unguwa, waya ɗaya za a buga a ce taron me ake yi a Tudun Biri yau, a ce Mauludi ne, shi ke nan. Da ka rasa mutane a ƙasa sai ka koma dogaro da ido daga sama, shi kuwa ido daga sama taro kawai yake gani, bai san mai ƙasida ba bai san mai bindiga ba. Ƙarancin mutanen da ya hana a canza yaron Malam Tanimu, shi ne dai ya kai mu can.

Malama Rabi: To na ji, Baba. Amma zan ƙara wani abu da ba a so a faɗa. Wa ke kai wa 'yan bindiga burodi da fetur da katin waya? Wa ke nuna musu gidan da aka sayar da masara? Ba daga sama infoma ke faɗowa ba, a cikinmu yake, muna sallah sahu ɗaya. Ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dokta Auwal: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta fuskar tarihi, don shi nake koyarwa. Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojan Najeriya bai wuce dubu goma ba. Kafin a gama a Janairun 1970 ya kai kusan dubu 250. Wata 30 ke nan. Gwamnatin Gowon ta yarda cewa yaƙi take yi, ta ɗebi mutane daidai da yaƙin. Mu kuwa kowace gwamnati tun 2009 cewa take saura ƙiris. A Disambar 2015 aka ce an riga an karya lagon Boko Haram. Wanda ya ce saura ƙiris ba zai gina rundunar shekara goma ba, sai dai ya riƙa canza wa farmaki suna, daga Zaman Lafiya zuwa Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai, a arewa maso yamma kuma Hadarin Daji, sojan dai shi ne wannan ɗin.

Kuma ba mu kaɗai abin ya taɓa samu ba. A Fabrairun 2003, kafin Amurka ta shiga Iraƙi, shugaban sojan ƙasarta Janar Eric Shinseki ya faɗa wa majalisar dattawa cewa riƙe Iraƙi zai ci soja dubu ɗaruruwa. Manyan ma'aikatar tsaro suka yi watsi da maganarsa a bainar jama'a, aka shiga da ƙasa da haka, ga Afganistan ma ba a gama ba. Zuwa 2007 sai da suka tsawaita zaman soja a fagen daga daga wata 12 zuwa 15, suka riƙa riƙe waɗanda wa'adin aikinsu ya ƙare. A Disambar 2004 a Kuwaiti wani ƙaramin soja ya miƙe a gaban sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya tambaye shi dalilin da ya sa suke tonon bola suna neman ƙarafan da za su liƙa wa motocinsu don kariya. Rumsfeld ya amsa masa cewa da sojan da kake da shi kake zuwa yaƙi, ba da wanda kake fatan samu ba. Ba a ɗaure yaron ba. Rumsfeld ne ya yi murabus a Nuwambar 2006, bayan jam'iyyarsu ta sha kaye a zaɓen majalisa. A 2007 da jarida ta tona halin da sojojin da suka ji rauni ke ciki a asibitin Walter Reed, sakataren sojan ƙasa ne ya rasa kujerarsa. Ba yabon Amurka nake ba, ɓarnar da ta yi a Iraƙi har yau ba ta gyaru ba. Ku dai lura da wata 15 ɗin da suka ɗauka abin tashin hankali, ku gwada da shekara uku da watanni.

Ɗan Kakuri: Yauwa Dokta! Mu a nan an bar jaki ana dukan taiki. A Mayun 2014 sojoji suka ga gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga Chibok, ransu ya ɓaci suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta a barikin Maimalari. Aka yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba. A Disamba aka ƙara yanke wa 54, su kuma laifinsu sun ƙi fita yaƙi suna cewa babu kayan aiki. Daga baya aka mayar musu ɗaurin shekara goma. To a Yulin 2015, ranar da ake bikin sallamarsa, babban hafsan tsaro Alex Badeh ya faɗa da bakinsa cewa ya jagoranci rundunar da ba ta da kayan yaƙi. Abin da yaran suka faɗa aka ce a harbe su, shi ya faɗa aka tafa masa.

Baba Saje: Tsaya nan, ɗana. Harbin motar kwamanda bore ne, ko a ina kake a duniya, kuma ni ba zan goyi bayansa ba. Ranar da soja ya fara zaɓen umarnin da zai bi, ku farar hula ku za ku fara kuka. Kuma kada a yi wa hafsoshi kuɗin goro. Laftanar Kanar Abu Ali a gaban yaransa ya mutu a Malam Fatori a Nuwambar 2016. Laftanar Kanar Sakaba ya mutu tare da nasa a Metele a 2018. Birgediya Janar Zirkusu a Askira Uba a 2021. Janar Attahiru, ɗan garin nan, wata huɗu bai cika a kujerar shugaban sojan ƙasa ba jirginsu ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna. Amma a kan su 54 ɗin, ina tare da kai. Ba a tura mutum farauta da sanda sannan a ɗaure shi don bai kamo zaki ba.

Barista Hauwa: Ba ƙananan kaɗai ba, Baba. Manjo Janar Adeniyi, kwamandan Lafiya Dole, a 2020 bidiyonsa ya fita yana bayanin irin ruwan wutar da ake yi wa mutanensa da motocin da suka lalace. Cire shi aka yi, aka kai shi kotun soja. Su kuwa manyan hafsoshin da aka naɗa a 2015, majalisa ta yi ta kiran a sauke su a 2020, aka yanka manoma aƙalla 43 a Zabarmari suna kan kujera, sai Janairun 2021 suka tafi, aka kuma ba su jakadanci. Alhaji Musa, ina roƙonka da girmanka, ka kawo mini sunan minista ɗaya ko babban hafsa ɗaya da ya ajiye aiki da kansa ya ce na gaza, tun daga 2009.

Alhaji Musa Unguwar Rimi: 'Yata, ajiye aiki ba al'adarmu ba ce, kuma ba shi ke kashe ɗan ta'adda ba. Ni abin da na sani, sulhun da Gwamna Uba Sani ya yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 ya buɗe kasuwar kara, motoci suna wucewa. Duk dajin da aka yi sulhu, soja ya samu sauƙi ke nan. Kawu Isa ya faɗi gaskiya in ƙarya nake.

Kawu Isa Direba: Hanya ta yi sauƙi, Alhaji, ba na ƙin gaskiya. Amma bindigoginsu suna hannunsu, kuma ni har yanzu ba na bin ta da dare.

Maman Walid: Salamu alaikum. Ban taɓa magana a zauren nan ba, amma yau abin ya zo kaina. Maigidana soja ne, wannan shekara ta huɗu ke nan yana arewa maso gabas. Ku kuna lissafin biliyoyi, mu a bariki lissafinmu waya ne. In kwana uku suka wuce bai kira ba, ba na iya cin abinci. In aka ga motar ofis ta shigo layinmu da rana tsaka, kowace mace tana leƙe ta labule tana addu'a kada ta tsaya a ƙofarta. Bara ta tsaya a ƙofar maƙwabciyata, 'ya'yanta huɗu. Ba a daɗe ba aka kawo mata takardar tashi daga gida, haƙƙin mijin kuwa ta yi ta zarya da fayil daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce sa hannu ya rage, gobe a ce mai sa hannun ya yi tafiya. Yanzu awara take soyawa a Hayin Banki. Maigidana ya rubuta takardar neman canji sau uku. Amsar dai ɗaya ce, babu wanda zai karɓe ka. Ni ban san sashe kaza ba, Anti Barista. Na dai san duk ɗan siyasar da zai wuce ta Kawo da jiniya, na kan ƙirga masu kakin da ke bayansa.

Barista Hauwa: Allah ya dawo miki da shi lafiya, 'yar uwa. Ki turo mini lambar maƙwabciyar taki ta gefe, zan duba takardunta, ba sai ta biya komai ba.

Dokta Auwal: Ƙirgar da Maman Walid ke yi ita ce lissafin da ya fi nawa. Kusan duk sabon Sufeton 'yan sanda sai ya ba da umarnin janye jami'ansa daga gadin manyan mutane, bayan wata biyu ka gan su riƙe da jakar Hajiya a wajen biki. Gurbin da suka bari a ƙauye soja ake turawa ya cike. Ku duba garin nan kawai: Runduna ta 1, makarantar horar da hafsoshi ta NDA, barikin Jaji, sansanin sojan sama na Mando, duk muna da su. Amma a Maris na 2021 aka kwashi ɗalibai 39 a kwalejin gandun daji ta Afaka, a Agusta aka shiga NDA ɗin kanta aka kashe hafsoshi biyu aka tafi da ɗaya, a Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja. Gine-ginen suna nan, mutanen cikinsu ne aka rarraba.

Ɗan Kakuri: Alhaji dai har yanzu muna jiran suna ɗaya.

Admin: Ɗan Kakuri ya isa haka. Masu sauran kuɗin taransifoma kuma a tuna, Asabar ce ranar ƙarshe.

Malam Tanimu Rigasa: Na gode jama'a. Baba Saje, tambaya ta ƙarshe, ta yaron nan ce. Yayansa ya ce ba ya barci, cikin dare yake fitowa tsakar gida ya zauna har asuba. Sun yi masa maganar asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ya daina yi musu magana kwana biyu. Saura kwana tara ya koma.

Baba Saje: Kada ku ƙara yi masa maganar asibiti yanzu, tsoro yake kada a rubuta a fayil ɗinsa. Akwai likitan da na sani, tsohon soja ne shi ma, zan kira shi ya zo gidana ba da farar riga ba. Ka kawo mini yaron gobe bayan la'asar, ka ce masa wani tsohon saje ne na ECOMOG yake son jin labarin daji. Ku shigo ta ƙofar baya, ta gaba tana da ƙara. Zan sa a ajiye masa kujera a jikin bango.